Yadda Ake Mayar da Shinkafar Fadamar Haɗeja Hajar Kasuwa

Manomin fadamar Haɗeja ya gaji noman shinkafa kaka da kakanni, amma tun da aka gina madatsar ruwan Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 ambaliyar da ke shayar da fadama ta sauya, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa da dama, noman rani da injin ban ruwa ya zama madogara. Fetur da taki kuwa da kuɗi ake sayensu, saboda haka wanda a da yake noma domin rumbu kaɗai dole yanzu ya yi lissafin mai saye tun kafin ya jiƙa iri.

Matakin farko shi ne haɗa maƙwabtan gonaki su zama ƙungiya, yawanci da taimakon malaman gona na hukumar JARDA, su amince da iri guda kamar FARO 44, wanda manoma ke kira sipi, domin injin casa ba ya son buhun da aka cakuɗa doguwar ƙwaya da gajera. Renon iri da dashe da zuba taki sanannu ne ga duk manomin fadamar, haka ma tsaron jan baki, tsuntsun nan mai zuwa garke-garke, wanda korarsa ke hana yara da manya zaman gida.

Inda gwaninta take bayyana shi ne yanka da shanya. Ana yanka ne idan kusan kashi 80 cikin 100 na ƙwayoyin zangarniya sun yi ruwan ƙasa-ƙasa. Wanda bashi ya matsa wa ya yi gaggawa sai ya tara ƙaiƙayi da ƙwaya marar nauyi, wanda ya yi jinkiri kuma rabonsa ya zube a fangali. Bayan bugu da sheƙa, shanshera, wato shinkafar da ba a cire wa ɓawo ba, ana baza ta a kan tamfol domin kada tsakuwa ta shiga, ana motsa ta akai-akai har damshinta ya sauko zuwa wajen kashi 14 cikin 100. Zafin ranar bazara a nan yake cin amanar manomi, domin idan ta bushe da sauri fiye da kima ƙwayar takan tsage a cikin ɓawonta ba tare da ido ya gani ba, sai a wurin casa ta fito karyayya farashi ya faɗi. Tsofaffin manoma da matan da suka ƙware a gumi, wato turara shinkafa kafin casa, haƙori ne ma'auninsu: daga ƙarar ƙwaya guda sukan gane ko a kwashe ko a ƙara mata wuni.

Daga nan ƙungiya takan tara buhunan mambobi wuri guda, ta auna su da sikeli, ta nemi ciniki kai tsaye da masu injinan casa na Kano ko manyan 'yan kasuwar Gujungu, maimakon kowa ya sallama wa dillali nasa a bakin gona lokacin da kaya suka yi yawa.