Kada Yawan Sifiri Ya Razana Ku

'Ya'yana na Kankiya da Kusada, na lura da yawanku, da an rubuta babbar lamba a allo sai gabanku ya faɗi. Ku kwantar da hankali. Kowace lamba, komai tsawonta, tana da asali, kuma da tambaya ake gano shi.

Mu ɗauki miliyan ɗaya, 1,000,000. Cika ce ko mara? Ku dubi lambar ƙarshe kawai: sifiri ce, don haka cika ce. Me aka ninka ya haife ta? Ku yi ta raba ta, za ku tarar biyu-biyu ne guda shida da biyar-biyar guda shida aka ninka da juna. Shi ya sa lambobi 49 ne kaɗai ke raba ta ba saura, kuma 3 ba ta cikinsu. In abokan ciniki uku suka ci ribar miliyan a hatsi, kowa zai ɗauki naira 333,333, naira ɗaya ta rage. Tun kafin rabon kuna iya sanin haka: ku tara lambobin da ke jikinta, in jimillar ba ta rabu gida uku ba, ita ma uwar ba za ta rabu ba.

To ku ƙara mata uku, ta zama 1,000,003. Wannan babu mai raba ta sai 1 da ita kanta. Ire-irenta, kamar 2, 3, 5 da 7, su ne tubalan da aka gina sauran lambobi da su. Fiye da shekara 2,000 da suka wuce, Yuklid na Iskandariya ya kafa hujjar cewa ba su da iyaka.

Kada wani ya ce muku wannan ilimin baƙo ne. Kakanninmu sun ƙirga wuri 20,000 suka kira shi keso. Malaman gado, in sudusi da sumuni suka haɗu, kan kafa lissafi a kan 24, domin tana rabuwa gida shida da gida takwas, kada a tauye hakkin kowa. Malam Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, ɗan ƙasar Katsina, ya rubuta littafi a 1732 kan yadda ake tsara hatimin lambobi mai gidajen mara, inda kowane layi ke ba da jimilla ɗaya. A Alƙahira ya rasu a 1741, har yau masana na ambatonsa.

Saboda haka, 'ya'yana, ku haddace jadawalin ninki tun kuna ƙanana. Kafin ku danna waya, ku gwada da kanku a takarda. Inda ya shige muku duhu ku tambayi malami, ba kunya a neman sani. Wanda ya iya lissafi da wuya a cuce shi a kasuwa, shi ma ya tsare kansa daga cin hakkin wani. Allah Ya buɗa muku basira, Ya sa ku amfani al'umma.