Kafin ka sayi hitar ruwa marar tanki, fara duba wayar gidanka

Wani magidanci daga Zariya ya aiko da tambaya: "Hunturu ya matso, ga mahaifiyata ta manyanta, ba na son ta riƙa jiran a ɗora mata ruwa kafin sallar asuba. Na ga wata 'yar hita a kasuwa wadda ba ta da tanki, mai shagon ya ce da an murɗa famfo ruwan zafi zai zubo. In saya?"

Allah ya saka maka da alheri, Malam, bisa wannan kula da kake yi wa Hajiya. Amma kar ka fitar da ko kwabo tukuna. Mai shago bai yi maka ƙarya ba, na'urar tana aiki. Abin da bai faɗa maka ba shi ne irin wutar da take sha.

Hita mai tanki tana dafa ruwa a hankali ta adana shi, shi ya sa kilowat ɗaya da rabi ko biyu ke isar ta. Ita kuwa marar tanki ba ta da wannan sararin. A cikin 'yan daƙiƙoƙin da ruwa zai ratsa cikinta dole ta ɗumama shi, don haka sai ta zuƙi wuta mai yawa a lokaci guda. Ga lissafin. A ce ruwan tankinku ya kwana a sanyin Janairu ya sauka zuwa digiri 15, kai kuma kana son ya kai 38, wato ɗumin da jiki ke jin daɗinsa. Hita mai kilowat 3.5 ba za ta ba ka fiye da lita biyu da 'yan kai a minti ɗaya ba. Wannan ya isa alwala da wanke hannu, amma bokiti mai lita 20 sai ya ci kusan minti tara kafin ya cika. In ka ƙara buɗe famfon, ruwan ya ƙaru, zafin ya gudu. Wankan shawa mai gamsarwa yana son kilowat 7 ko fiye.

To, a nan gizo ke saƙar. Soket ɗin bango da muka saba da shi amfiya 13 yake ɗauka, kimanin kilowat 3 ke nan. Hita mai kilowat 7 tana jan kusan amfiya 30. Wayar da ake ja wa soket a gidajenmu, mai kauri 2.5mm², ba don wannan nauyi aka yi ta ba. Na taɓa shiga wani gida da aka kira ni saboda "hita tana wari". Da na kwance murfin makunnin, robar wayar ta narke ta manne da ƙarfe kamar ƙanzo a gindin tukunya, bangon wurin ya yi baƙi, ga labule a rataye taƙi ɗaya daga wurin. Wanda ya yi aikin ya jona ta ne daga soket ɗin ɗakin kwana don ya rage kuɗin waya. Allah ne kawai ya tsare mutanen gidan.

Abin da ya kamata shi ne a ja mata layinta ita kaɗai tun daga akwatin rarraba wuta, da wayar tagulla ta gaske mai kauri 6mm², ko 10mm² idan hitar ta kai kilowat 9 ko kuma tazarar tana da nisa, tare da burekarta daidai ƙarfinta. Sannan abu biyu da ba na yarda a yi ciniki a kansu: wayar ƙasa wadda aka gwada aka tabbatar tana aiki, da na'urar nan mai yanke wuta da zarar ta fara zurarewa, wadda ake rubuta 30mA a jikinta. Mutum a banɗaki jiƙe yake, ƙafarsa ba takalmi, kan siminti mai ruwa. Wutar da za ta ɗan girgiza shi a falo tana iya kashe shi a can. Gidaje da yawa suna da wayar ƙasa a soket, amma ka bi ta ka tarar ba ta kai ko'ina ba. Ka sa mai aikin wuta ya auna a gabanka.

Ko an yi duk wannan, saura wutar kanta. Ranar da ta zo ba ƙarfi, daga 230 ta faɗo 180, hitar za ta rasa kusan kashi 40 cikin ɗari na zafinta. Ranar da aka ɗauke kuwa, ba ko ɗigon ruwan ɗumi da aka ajiye. Janaretan gida mai kVA 2.5 ko 3.5 ba zai ja mai kilowat 7 ba, haka inbatar sola ta yawancin gidaje. Hajiya kuma da asuba take buƙatar ruwanta, ko akwai Nepa ko babu.

Sai ƙarfin ruwa. Waɗannan hitoci ba sa kunnuwa sai sun ji ruwa na gudu da wani ƙarfi. Tsayin mita 10 shi ke ba da ma'aunin bar ɗaya, saboda haka tankin da ya ɗara kan shawa da mita uku bai wuce bar 0.3 ba, alhali wasu hitocin suna neman rabin bar ko fiye. Karanta takardar da ke cikin kwalin kafin ka biya. In ƙarfin bai kai ba, ƙaramin injin tura ruwa zai gyara, sai dai shi ma wuta yake so. Kuma ruwan burtsatse yana zuwa da yashi, a wasu wuraren da farin ƙanzo mai toshe bututu, don haka a sa matata kafin hitar, a riƙa wanke ta. Bututun ruwan zafi kuwa a sa wanda aka yi don zafi, irin PPR, ban da PVC na ruwan sanyi.

Akwai hita mai aiki da gas, kuma ita na fi karkata gare ta a gida irin naka. Da yawansu batir biyu manya kawai suke buƙata don kunna wuta, kuma mai lita 10 a minti tana ba da zafin da ya haura kilowat 17, abin da wayar gida ba za ta iya ba. A lissafina, da irin wannan hita, tukunyar gas mai kilo 12.5 za ta yi wankan shawa na minti goma kusan sau 50. Amma hitar gas tana da nata haɗarin, kuma tsoho ne. Tun 1868 wani mai fenti a Landan, Benjamin Waddy Maughan, ya ƙera irin wannan hita, sai dai tasa ba ta da bututun fitar da hayaƙi, gurɓatacciyar iskar a cikin banɗaki take tsayawa. Har yau kuskuren da ake maimaitawa ke nan. Gas in bai samu isasshiyar iska ba yana fitar da gubar nan da ke kashe masu kwana da janareta ko kaskon gawayi a rufaffen ɗaki. Ba ta da launi, ba ta da wari. Ciwon kai ne da jiri, sai mutum ya sulale, ƙofa kuma a kulle ta ciki.

Don Allah, Malam, kar ka bari kowa ya kafa hitar gas a cikin banɗaki, komai girman tagarsa. A kafa ta a bangon waje, a yi mata rumfa saboda ruwan sama da ƙura, a sa mata bututun hayaƙi ya kalli sama, ruwan zafin kaɗai ya shiga ciki. Tukunyar gas ɗin ma a waje, a tsaye, a inuwa. Bayan an haɗa, a shafa kumfar sabulu a kowace mahaɗa. In ta yi ƙwai, akwai yoyo. Harshen wutar ya zama shuɗi. In ka ga ya koma rawaya yana barin baƙi, a kashe a kira mai gyara. Ka kuma saita zafin da kanka kar ya wuce digiri 40, domin fatar tsofaffi da ta yara ba ta jure abin da taka ke jurewa.

In unguwarku na samun wuta mai ƙarfi kuma za ka iya ja mata sabon layi, mai lantarki za ta yi. In ba haka ba, ka sayi mai gas ka kafa ta a waje, ko ƙaramar mai tanki wadda za ta dafa ruwa da dare ta riƙe shi zuwa asuba. Ka fara kiran mai aikin wuta da mai aikin famfo su ga gidan kafin ka koma wurin mai shago. A gaida Hajiya, Allah ya ƙara mata lafiya.