Shin Sanin Aƙidar Ɗan Ta'adda Na Da Amfani Wajen Yaƙarsa?

Wasiƙarmu ta yau daga Damaturu ta fito. Wani bawan Allah ne ke tambaya: tunda mai kisa sunansa mai kisa, ina ruwanmu da abin da ya yi imani da shi? Ba harsashi ne maganinsa ba?

Malam, mun gode, Allah ya saka da alheri. Amsata ita ce, sanin aƙidar 'yan ta'adda yana cikin makaman yaƙin. Dubi shekarar 2016, lokacin da Boko Haram ta dare gida biyu a kan tambayar wane ne kafiri. Abubakar Shekau, jagoran ɓangare ɗaya, ya halatta jinin duk Musulmin da ya yarda ya zauna ƙarƙashin gwamnati, shi ya sa ya riƙa tura 'yan ƙunar baƙin wake masallatai da kasuwanni. Ɓangaren Abu Mus'ab al-Barnawi, wato ISWAP, ya fi karkata ga far wa sansanonin soja da karɓar haraji daga masunta da makiyaya a yankin Tafkin Chadi. Wannan saɓani ne ya kai ga mutuwar Shekau a dajin Sambisa a watan Mayun 2021, daga nan dubban mayaƙa da iyalansu suka miƙa wuya. Kwamandan da bai san wannan bambanci ba, ta yaya zai san inda zai jibge dakarunsa?

Wani zai ce talauci da zalunci ne tushen abin, kuma yana da hujja. A binciken da hukumar UNDP ta fitar a 2017, kashi 71 cikin 100 na waɗanda aka zanta da su daga cikin waɗanda suka shiga irin waɗannan ƙungiyoyi a Afirka sun ce wani matakin hukuma ne ya ingiza su, kamar kashe ko kama ɗan uwa. Kisan Muhammad Yusuf, wanda ya kafa Boko Haram, a hannun 'yan sanda a 2009 shi ma ya ƙara rura wutar. Sai dai waɗanda aka zalunta suna da yawa, kaɗan ne suka ɗauki bindiga. Gurɓatacciyar fassarar addini ce ke sa mai fushi ya ɗauki kashe maƙwabcinsa ibada. Su kansu 'yan Boko Haram sun san haka, shi ya sa suka kashe Sheikh Albani Zariya a 2014, malamin da ya riƙa warware hujjojinsu a bainar jama'a.

Don haka, Malam, fahimtar tunaninsu ba ta wanke su daga laifi. Soja ya tare mai bindiga, alƙali ya hukunta shi bisa adalci, malami kuma ya riga mai ɗibar mayaƙa isa ga yaranmu. Allah ya ba mu zaman lafiya. Sai wasiƙa ta gaba.