Yadda Manomin Zugurma Zai Karanta Matsin Iska Ya Gane Tafiyar Damina

Iskar da ke kanmu tana da nauyi, wato matsin iska, kuma ana auna shi da barometa, na'urar da Torricelli ya ƙirƙira a Italiya a 1643. A bakin teku, matsakaicin awon hektofaskal 1013 ne. A Jamus ko Folan, idan awon ya faɗi warwas cikin yini guda, an san ruwa na tafe. A yankin Zugurma kuwa lambar ba ta irin wannan tsalle, sai an haɗa ta da iska da hadari kafin ta yi amfani.

1. Ka tsayar da wurin awo guda. Wasu wayoyin hannu suna da barometa a cikinsu. Ka riƙa aunawa a ɗaki ɗaya, domin hawan mita 8 kacal yana rage kusan hektofaskal 1.

2. Ka tsayar da lokaci. A ƙasashe masu zafi matsin iska yana hawa wajen ƙarfe 10 na safe da na dare, ya sauka wajen ƙarfe 4 na asuba da na yamma. Saukar la'asar ba alamar ruwa ba ce. Awon hantsin yau za ka gwada da na hantsin jiya, ka rubuta a littafi.

3. Ka lura da inda iska ke fitowa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu matsi yana da ƙarfi a kan Sahara, shi ke turo busasshiyar iskar arewa maso gabas da hazonta. Muddin ita ke kaɗawa, babu zancen ruwa.

4. Ka jira juyawar bazara. Idan Sahara ta ɗauki zafi matsinta yakan ragu, sai ta janyo iska mai laima daga tekun Atilantika ta kudu maso yamma. Za ka ga gishiri ya jiƙe a kwano, gumi ya ƙi bushewa a jiki.

5. Ka dubi gabas. Manyan hadarinmu daga can suke tasowa su nufi yamma. Da iska mai sanyi ta buso, awon kuma ya ɗan haura kwatsam, a kwashe shanya, a kira yara daga bakin rafi. Ambaliyar Mokwa ta watan Mayun 2025 ta nuna ɓarnar da ruwan dare ɗaya kan yi.

6. Ka haɗa da hasashen hukumar NiMet, wadda ke fitar da bayanin damina a farkon kowace shekara. Kada ruwan farko ya ruɗe ka. Ka tona ƙasa ka tabbatar laima ta nutsa, iskar kudu kuma ta zauna, sannan ka fito da irin masara.

Littafin nan, in ka riƙe shi damina biyu ko uku, zai taimaka maka wajen tsayar da ranar shuka a gonarka, da yardar Allah.