Sandar Fatsa da Ril: Yadda Ake Karanta Lambobinsu Kafin a Saya, da Yadda Ake Kula da Su

Duk wanda ya taɓa shiga Jumia ko AliExpress yana neman kayan fatsa ya san yadda shafin yake: hoton sanda mai sheƙi, hoton ril kamar na zinare, sai jerin lambobi irin su 2.1m, MH, 10-30g, 4000, 5.2:1 da 12+1BB. Matashin da zai iya bayanin RAM da ƙarfin batirin waya ido rufe, idan ya zo nan sai ya tsaya cak, a ƙarshe ya zaɓi wadda lambobinta suka fi girma. Nan ne kuɗin yawancin sababbin masu fatsa ke salwanta. A kayan fatsa babbar lamba ba ita ce inganci ba. Abin da ake nema shi ne sanda da ril da zare su dace da juna, su kuma dace da kifin da ake hari.

Saboda haka tambayar farko a bakin ruwa take, ba a kanti ba: wane kifi ne a wurin? Mai zuwa madatsar ruwa irin ta Tiga ko Challawa don karfasa da tarwaɗa matsakaiciya, buƙatarsa daban take da ta wanda ya nufi tafkin Kainji yana mafarkin giwan ruwa, kifin da kan haura kilo 100 idan ya riƙa. Tsage kuwa haƙora gare shi masu datse zare nan take. Hira ta minti goma da masuntan wurin ta fi bidiyon YouTube goma amfani, domin su suka san kifin da ke ci da irin koton da yake so. A nan ne kuma ake neman izinin Sarkin Ruwa ko hukumar da ke kula da madatsar kafin a jefa ƙugiya.

Abin da ke rubuce a jikin sanda

A saman mariƙi kaɗan akwai ƙananan rubuce-rubuce, su ne takardar shaidar sandar. Na farko tsawo. Ga mai farawa, mita 1.8 zuwa 2.1 ya wadatar. Doguwar sanda ta fi jifa da nisa, gajeriya ta fi daɗin sarrafawa a cikin kwalekwale ko a gaɓar da ke da bishiyoyi.

Sai harafin ƙarfi: L marar nauyi, M matsakaiciya, MH ta ɗara matsakaiciya, H mai ƙarfi sosai. Kusa da shi akwai nauyin abin da sandar za ta iya jefawa. Idan an rubuta 10-30g, ana nufin dalma da koto gaba ɗaya kada su gaza giram 10, kada kuma su wuce 30. Aka ɗora mata giram 80, wata rana kan sandar zai ɓalle ana tsakiyar jifa. Aka sa mata giram 3, koton ba zai je ko'ina ba. Wanda zai sayi sanda ɗaya tak don karfasa da tarwaɗa, M ko MH ce tasa.

Akwai kuma yadda sanda ke lanƙwasa. Wata daga can kusa da kai kawai take rusunawa, ita ce mai saurin kafa ƙugiya a bakin kifi. Wata har tsakiya take lanƙwasa, tana shanye fizgar kifi, kuma ta fi yafe wa sabon hannu kurakuransa.

Da abubuwa biyu ake ƙera yawancin sanduna. Faibagilas yana da nauyi da araha da jure wahala. Kabon ba shi da nauyi, kuma yana isar da motsi sosai, har mutum ya ji ɗan taɓin da kifi ya yi wa koto, amma ba ya son duka. Idan ya bugu da dutse ko ƙofar mota, yakan yi rauni a ɓoye, sai ranar da babban kifi ya kama ya karye daidai wurin. Wasu kamfanoni na haɗa su biyun, kamar Ugly Stik da kamfanin Shakespeare ya fitar a 1976, wadda ta yi suna wajen taurin rai. Wani abu da bai kamata a manta ba: kabon na ɗaukar lantarki. Hadari ya taso, a kwantar da sanda a bar bakin ruwa, a kuma duba sama ko akwai wayar wuta kafin a ɗaga ta.

Sanda mai zugewa kamar eriyar rediyo ta fi shiga jaka, ga daɗin ɗauka a kan babur. Sai dai kowace gaɓa wurin rauni ce kuma maɓoyar yashi. Mai gida biyu, wadda ake harhaɗawa a tsakiya, ta fi ƙarko.

Ril: inda talla ta fi yawa

Ril shi ne na'urar da ke naɗe zare. Iri biyu aka fi gani. Akwai sifinin, mai rataya a ƙarƙashin sanda, kwarkwaronsa a tsaye yake, zare na zubowa daga bakinsa idan an yi jifa. Akwai betkasta, mai zama a saman sanda, wanda kwarkwaronsa ke juyawa. Betkasta na da kyau a hoto, amma idan kwarkwaron ya fi zaren gudu sai komai ya cukurkuɗe kamar sheƙar tsuntsu, a ɓata rabin yini ana warwara. Mai farawa ya tsaya a sifinin. Kowane irin ril kuma da irin sandarsa, don haka a tabbatar an rubuta cewa sandar ta sifinin ce.

Lambar 1000, 2500, 4000 ko 6000 girman ril ce. Na 2500 zuwa 4000 shi ya dace da sandar M ko MH, manyan kuwa na masu neman giwan ruwa ne. Girman ba ɗaya yake a kowane kamfani ba, shi ya sa ya fi kyau a karanta jikin kwarkwaro, inda ake rubuta kaurin zare da mitocin da zai ɗauka. Ita kuma 5.2:1 ma'anarta duk juyi ɗaya na hannu, kan ril zai kewaya kwarkwaro sau biyar da ɗan ɗoriya. Wannan matsakaicin gudu ne mai yin kowane aiki.

Yanzu ga 12+1BB. Wannan adadin boris ɗin da ke ciki ne, ɗayan da aka ware shi ne mai hana hannu komawa baya. Labarinsa ɗaya da na megafiksel a kyamarar waya: wayar da ba a san sunanta ba za ta iya rubuta 108 a kwali, hotonta ya kasa na wata mai 12. Ril marar suna mai boris goma sha biyu na ƙarfe mai saurin tsatsa ba zai kamo ƙafar mai huɗu ko biyar masu kyau ba. Ƙananan samfuran Shimano da Daiwa na Japan, ko Penn na Amurka, ko Okuma na Taiwan, boris ɗinsu ba shi da yawa, kuma suna shekaru suna aiki. Shimano ɗin nan dai shi ne mai ƙera giyar kekuna, tun 1921 yake sana'ar ƙarfe. Idan kuɗi bai isa a sayi komai mai kyau ba, gara a rage a sanda a ƙara a ril. Sanda mai araha tana kama kifi, ril mai araha kuwa ranar babban kifi yake ba da kunya.

Abin da ya fi cancanta a gwada shi ne birki, wato murfin da ake murɗawa a saman kwarkwaro. Aikinsa ya saki zare a hankali idan kifi ya ja da ƙarfi, maimakon zaren ya tsinke. A ɗaure shi kaɗan a ja zare da hannu. Idan ya fito sumul, birkin lafiya lau. Idan yana fitowa da tsalle-tsalle, yana riƙewa yana saki, a ajiye musu kayansu. Ƙa'idar saiti ita ce kwata zuwa kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin zaren. Zaren da aka rubuta wa 12lb yana ɗaukar wajen kilo biyar da rabi, ke nan birkinsa ya fara saki a wajen kilo ɗaya da rabi. Ba sai da sikeli ba: a cika robar ruwa mai lita ɗaya da rabi, a ɗaura ta a zare, a ɗaga a hankali daga ril kai tsaye ba ta kan sanda ba, a yi ta gyara birkin har ya soma saki daidai lokacin da robar ke barin ƙasa.

Zare da ƙugiya

Zaren nailan shi ne na kowa: ga araha, ga sauƙin ƙulli, yana ɗan miƙewa idan kifi ya fizga. Zaren kitso, wanda aka saƙa da siraran zaruruwa, ya fi shi ƙarfi a kauri ɗaya kuma ba ya miƙewa, amma duwatsu na cin sa, ga tsada, ga yankan yatsa. Mai farawa ya ɗauki nailan 10lb zuwa 15lb, ya cika kwarkwaro ya bar kamar milimita 2 ko 3 daga baki. Ya cika da yawa zare zai zubo a dunƙule, ya gaza jifa ba zai yi nisa ba. Inda akwai tsage, dole a sa guntuwar wayar ƙarfe tsakanin zare da ƙugiya.

Lambar ƙugiya a juye take: lamba 10 ta fi lamba 4 ƙanƙanta, har a sauko 1, daga nan sai 1/0, 2/0, 3/0 suna ƙara girma. Karfasa ƙaramin baki gare ta, tarwaɗa kuwa sai babba. Kowane ƙulli a jiƙa shi kafin a ja shi ya ɗaure, domin gogayya na ƙona nailan. Dalma guba ce, a matse ta da filaya, ba da haƙori ba.

Ƙura, rana da yashi

Masu fatsa a teku gishiri ne abokin gabarsu. A ruwan daɗi irin na madatsu da koguna, yashi da ƙurar hunturu da zafin rana ne ke kashe kaya. Ril ɗin da aka ajiye a ƙasa sau ɗaya, yashi ya shiga, zai dinga ƙara kamar injin niƙa. Ba a ajiye shi a ƙasa, ba a kuma tsoma shi a ruwa don wanki. Bayan an dawo gida, a ɗaure birki, a goge ril da tsumma mai danshi, a bar shi ya bushe a inuwa, sannan a sassauta birkin gaba ɗaya kafin a adana. Wannan mataki na ƙarshe mutane da yawa ke tsallakewa, alhali birkin da ya kwana watanni a matse faifansa na danƙarewa, shi ne ke kawo tsalle-tsallen nan.

Mai iri biyu ne: na ruwa ɗigo ɗaya a mariƙin hannu da ɗan gargaren da zare ke bi ta kansa, giris kuma a haƙoran giya na ciki, sau ɗaya a shekara ga mai fatsar ƙarshen mako. Man keken ɗinki zai iya tsayawa na wucin gadi idan babu na ril. Baƙin mai, fetur da WD-40 kuwa a nisanta su da cikinsa, domin biyun ƙarshe narkar da giris suke yi. Wanda zai kwance ril ya ɗauki hoton kowane mataki da wayarsa, ya jera sassan a kan farin ƙyalle bi da bi. Akwai ƙananan sifirin da idan suka yi tsalle an rabu ke nan.

Zobban da zare ke ratsawa a jikin sanda su ma a riƙa duba su. A zura auduga a ciki a juya, idan ta maƙale akwai tsaga, kuma wannan tsagar ce ke yanke zare ana zargin kamfani. A shafa ɗan kakin kyandir a mahaɗar sanda don kada ta cije. Kada a bar kaya a cikin motar da ke rana, zafi na lalata nailan da gam ɗin zobba. Nailan ɗin da ya yi fari ko ya riƙe nannaɗewa ya gama aiki, kuma ko bai nuna ba, a sauya shi duk shekara. Tsohon kuma kada a yar a bakin ruwa, yana harɗe ƙafafun tsuntsaye da dabbobi. Ƙugiyoyi a shanya su kafin a rufe, a jefa musu ɗan ƙunshin nan mai tsotse danshi da ke zuwa a kwalin takalmi ko na kayan lantarki.

Yawancin sanduna ba kifi ke karya su ba, masu su ne. Ƙugiya ta maƙale a itace, sai a yi ta fizga da sanda. Daidai shi ne a miƙe sandar ta kalli inda zaren ya nufa, a naɗe zaren a guntun itace, a ja da baya fuska a kauce. Haka nan kifi ya iso gaɓa, ba a ɗaga sanda tsaye cak a ɗauko shi da ita, sai a sa ƙaramar koma.

Ina batun na'urar gano kifi?

Akwai su, kuma suna aiki. Deeper na ƙasar Lituweniya da Garmin Striker Cast ƙwallaye ne da ake ɗaurawa a zare a jefa, su aiko wa waya zurfin ruwa da yanayin ƙasansa da alamun kifi, na farko ta Wi-Fi a yawancin samfuransa, na biyu ta Bluetooth. Sai dai wasunsu na kai giram 100, ke nan sandar 10-30g ba za ta iya jefa su ba, sai an tanadi wata mai ƙarfi. Kuɗin guda ɗaya kuma ya isa ya sayi sanda da ril masu kyau har da canji. Ga mai farawa, na'urar da ta fi gaggawa ita ce jakar roba mai igiyar wuya ta saka waya. Tambarin IP68 yana nufin wayar na jure ruwa na ɗan lokaci a zurfi ƙayyadadde, bai ce za ta taso ba idan ta suɓuce a tsakiyar Kainji.