Basilikar Yamusukuro: Ma'anarta da Darasin da Ke Cikinta

Gabatarwa

Wannan maƙala za ta yi tsokaci ne a kan Basilikar Maryamu Uwar Salama da ke Yamusukuro, babban birnin ƙasar Kwaddibuwa, wadda na samu damar ziyarta. Zan fara da ma'anar kalmar, sannan in kawo tarihin ginin da matsayinsa ta fuskar addini da al'ada.

Ma'anar Basilika

Kalmar basilika ta samo asali ne daga harshen Girkanci, inda take nufin abin da ya danganci sarki. Rumawan dā suna kiran babban zauren shari'a da taro da wannan suna. A ɗarikar Katolika kuwa, basilika muƙami ne da Fafaroma kan ba wata majami'a saboda tarihinta ko darajarta. Ya kamata mai fassara ya lura cewa ta bambanta da katidiral, wato majami'ar da kujerar bishop take. Misali, kujerar bishop na Yamusukuro tana majami'ar Waliyyi Agustin ne. Manyan basilika guda 4 ne kacal, duk a birnin Roma. Sauran ana kiran su ƙanana, komai girman gininsu. A nan Nijeriya, majami'ar Triniti Mai Tsarki ta Onica ta samu wannan muƙami a shekarar 2007.

Tarihi da Tsarin Ginin

Shugaban ƙasar na farko, Felix Houphouet-Boigny, shi ya sa aka yi ginin a garinsu, wanda ya mayar babban birni a 1983. An aza harsashi a 1985, aka kammala a 1989, bisa zanen Pierre Fakhoury, wanda ya ɗauki fasalin Basilikar Waliyyi Bitrus ta Roma. Fafaroma John Paul na Biyu ya keɓe ta ranar 10 ga Satumba, 1990.

Tsawonta daga ƙasa zuwa kan gicciyen da ke bisa ƙubba mita 158 ne, shi ya sa na hango ta tun kafin mu shiga gari. Tana da wurin zaman mutum 7,000, wasu 11,000 kuma za su iya tsayuwa. Daga Italiya aka kawo dutsen marmara, gilasai masu launi kuma daga Faransa. A ɗaya daga cikin gilasan an zana shugaban kansa a durƙushe gaban Yesu.

Muhimmancinta

Ta fuskar addini, abin da ya fi ratsa ni shi ne shirun da ke ciki. Hasken rana yakan ratso gilasan ya zuba a kan kujeru, sai ka ga mai surutu ya sassauta murya ba tare da an ce masa kanzil ba. Hotunan gilasan kuma tamkar littafi ne ga wanda bai iya karatu ba, domin suna ba da labaran Littafi Mai Tsarki.

Ta fuskar al'ada, ginin ya zama alamar ƙasar, kuma a cikinsa aka yi jana'izar Houphouet-Boigny a Fabrairun 1994. Sunan salama da ke kansa ya ƙara nauyi bayan yaƙin basasar da ya ɓarke a 2002, a ƙasar da Musulmi da Kirista suke zaune tare.

Sai dai an yi ginin ne lokacin da farashin koko ya faɗi, bashi ya yi wa ƙasar katutu, don haka mutane da yawa suka soki kashe miliyoyin daloli a kansa. Fafaroma ya nemi a gina asibiti a kusa, amma sai a 2015 aka buɗe shi.

Kammalawa

A nawa ganin, masu yabo da masu suka duk suna da hujja. Shekara 4 aka yi ana gina majami'ar, asibitin kuwa sai da aka jira shi shekara 25. Duk wanda ya je ziyara, ina ba shi shawara ya leƙa gine-ginen biyu kafin ya yanke hukunci. Hausawa dai sun ce gani ya kori ji.