Amsar Tambaya: Muna Son Hawan Dutsen Bagzam

Tambaya: Malam, mu samari ne daga Kalley, Yamai. Muna son yin kwanaki muna tafiyar ƙasa cikin duwatsun Abzin. Mece ce shawara?

Amsa: Samari, ku fara neman izini da bayanin tsaro wajen hukumomin Agadas, in sun hana, ku haƙura. Ku tafi tsakanin Nuwamba da Fabrairu, da barguna masu kauri, domin ƙololuwar Bagzam ta kai mita 2,022, sanyin darenta ba wasa. Ku nemi jagora ɗan yankin, jakuna su ɗauki ruwa da guzuri. Ku yi tafiya daidai ƙarfin mai rauninku, kada a bar kowa baya. Ku sanar da iyaye ranar dawowarku.